Daga Kurmi zuwa Gimi: Isawan Kano da tsohuwar gardama a kan Almasihu

Wajen shekarar 1867, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, aka fito da wani malami mai suna Ibrahim zuwa kasuwar Kurmi aka tsire shi. Bai yi sata ba, bai kashe kowa ba. Laifin da aka ɗora masa shi ne ya ɗaukaka Annabi Isa (AS) har ya kai shi matsayin da malaman fada suka ce ya fitar da shi daga Musulunci. Aka nemi ya janye, ya ƙi. Almajiransa suka fice daga birni, suka bazu a ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi, wasu suka shige duwatsun Ningi. Su ne mutanen da tarihi ya sani da sunan Isawa.

Yau mutum zai ratsa Kurmi daga bakin Jakara, ya wuce rumfunan dukawa da 'yan koli da masu turare, ya tsaya a wajen masu littattafai inda ake jera Ahalari da Iziyya da Ishiriniya a kan tabarma, da wuya ya haɗu da wanda zai ba shi wannan labari. Ni kuwa ina ganin ya kamata Bakano ya san shi, domin ta nan ne birninmu ya taɓa wata gardama da ta girme shi nesa ba kusa ba: shin Almasihu Allah ne, ko mala'ika ne, ko mutum ne da aka zaɓa?

Malam Ibrahim ba Kirista ba ne. A zamaninsa babu coci ko ɗaya a ƙasar Kano, babu ɗan mishan. Akwai ruwayar da ke cewa wata Linjila ta Larabci ta faɗo hannunsa ta hanyar fataken Sahara, amma Ian Linden, wanda ya yi bincike a kan Isawa yana Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, ya fi karkata ga cewa tushen abin yana cikin karatun Musulunci ne. Hujjarsa ta fi kama hankali. Duk almajirin da ya sauke ya wuce ta Suratu Ali Imrana da Suratu Maryam da Ma'ida. Ya san an haifi Annabi Isa ba uba, ya yi magana yana cikin zanin goyo, ya warkar da makaho da kuturu, ya tayar da matattu da izinin Allah, an ambace shi da kalma da ruhi daga Allah, sannan an ɗauke shi zuwa sama. Babu malamin zaure da bai karantar da wannan ba. Inda Malam Ibrahim ya rabu da sauran shi ne abin da ya gina a kai: in haka ne, wa zai sha gaban wannan annabi?

Zamanin ma ya taimaka. Ƙarni na goma sha uku na Hijira yana gangarawa, shekara ta 1300 tana matsowa, wadda ta faɗo a 1882 zuwa 1883, kuma ƙasar Hausa cike take da zancen Mahadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya faɗa da bakinsa cewa ba shi ne Mahadi ba, amma hakan bai kwantar da zukata ba. Jama'a na ta kwashe iyali suna yin gabas don su tarye shi, har sarakunan Sakkwato suka riƙa rubuta wasiƙu a tare hanya. To duk inda aka yi zancen Mahadi sai an yi na Dujal, duk inda aka yi na Dujal kuwa sai an kai ga saukowar Annabi Isa. Talakan da kuɗin ƙasa ya isa, wanda yake ganin 'ya'yan masu jihadi sun koma irin mulkin da iyayensu suka yaƙa, ba abin mamaki ba ne ya ɗora begensa a kan annabin da zai dawo ya cika duniya da adalci.

Sai kuma siyasa. Tun wajen 1846 wani Malam Hamza ya tashi daga Tsakuwa da jama'arsa saboda rikicin haraji, ya shiga duwatsun Ningi, ya haɗa kan Butawa da Warjawa da maƙwabtansu. Magadansa, musamman Ɗan Maje, suka zame wa kudancin Kano ƙarfen ƙafa, suna kai hari suna kwasar mutane. Sarki Abdullahi, wanda ya yi mulki daga 1855 zuwa 1883, ya sha fita yaƙi da su. Shi kansa malami ne, mai tsanani a shari'a. A irin wannan hali, malamin da ke tara jama'a a cikin ganuwa da wata sabuwar magana, ba da idon ilimi kaɗai fada za ta dube shi ba. Wannan ba ya wanke hukuncin. Tsire mutum a tsakiyar kasuwa don abin da ya fahimta daga karatu abu ne mai tayar da hankali, ko da fahimtar tasa kuskure ce, kuma a aƙidata kuskure ce.

Isawa sun riƙe cewa kafin a kashe Malam Ibrahim ya yi musu wasiyya su bar birni, su jira, akwai masu zuwa da cikakken bayani a kan Isa. Shekara arba'in da 'yan kai suna jira. Abin da ba su sani ba shi ne, masu zuwan su ma gadon gardama suka ɗauko.

Mu da muka tashi a cikin badala mun saba ɗaukar Kiristoci a matsayin masu magana ɗaya: sun ce Isa ɗan Allah ne, shi ke nan. Tarihinsu ya fi haka faɗi. Mabiyan Almasihu na farko Yahudawa ne, masu kaɗaita Allah, kuma sun sami kansu suna kiran sunan malaminsu a cikin addu'a da waƙoƙin ibada. Dole a nemi inda za a ajiye shi. Attaura tana ba da labarin wani mala'ikan Ubangiji da yake bayyana ga annabawa, yana magana da muryar Allah, kamar wanda ya kira Annabi Musa daga cikin kurmin da ke ci da wuta. Wasu suka ce ai shi ne Almasihu kafin a haife shi. Da haka an ba shi girman da ya fi na ɗan Adam, ba a kuma taɓa kaɗaitakar Allah ba. Cewa wannan ra'ayi ya yi ƙarfi tun da wuri, Sabon Alkawari kansa shaida ne: babin farko na Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ba shi da wani aiki sai jero hujjoji cewa Ɗan ya fi mala'iku, wasiƙar Kolosiyawa kuma tana gargaɗi a kan yi wa mala'iku sujada. Ba a yin gargaɗi a kan abin da babu mai yi.

Akwai wata ƙungiya da ake kira Ebiyonawa, Yahudawa masu bin Almasihu, suna kaciya, suna kiyaye Asabar, ba su yarda da Bulus ba. Wani bishop na tsibirin Kubrus mai suna Efifaniyus, wanda ya rubuta littafi wajen shekara ta 375 yana ƙaryata ƙungiyoyi 80, ya ce wasunsu na koyar da cewa an halicci Almasihu kamar ɗaya daga manyan mala'iku, sai dai ya fi su, shi ke mulkinsu. Wata ƙungiyar kuma, mabiyan Elkasai, sun kai wani littafi birnin Rum wajen shekara ta 220, suna cewa wani mala'ika mai tsawon mil 96 ne ya saukar da shi, kuma wannan mala'ika shi ne Ɗan Allah. Ko ɗaya daga cikin littattafan waɗannan mutane bai iso gare mu cikakke ba. Abin da muka sani game da su, daga alƙalamin masu zaginsu muka same shi.

Babbar wutar ta tashi ne a Iskandariya ta Masar wajen shekara ta 318. Wani limamin coci mai suna Ariyus, ɗan asalin Libiya, ya ƙalubalanci bishop ɗinsa Iskandar. Maganarsa a taƙaice: Allah ɗaya ne, ba shi da farko. In an ce Ɗa, to akwai Uban da ya riga shi. Saboda haka Ɗan halitta ne, farkon halitta kuma mafi girmanta, ta hannunsa aka yi sauran abubuwa, amma bai kai Uban ba. Ariyus bai ce Almasihu Mika'ilu ne ko Jibrilu ba. Abokan gabarsa ne suka ce, in dai halitta ne, to ka sa shi a sahun mala'iku ko ka so ko ka ƙi. Mutum ne mai iya zance, ya kuma zuba koyarwarsa cikin waƙoƙi don matuƙan jirgin ruwa da masu niƙa da matafiya, kamar yadda malaman jihadi suka yi da waƙoƙin wa'azi har mata suna rera su a bakin dutsen niƙa. Gardamar ta bar majami'a ta shiga kasuwa.

A nan zan ɗan tsaya, don na sha jin masu wa'azi a garin nan suna kiran Ariyus mai tauhidi, kamar Musulmi ne da ya riga zuwan Musulunci. Ba haka ba ne. Ariyus ya yarda a kira Almasihu Ɗa, ya yarda ta wurinsa aka halicci sama da ƙasa, ya yarda an gicciye shi ya tashi. Babu malamin Musulunci da zai sa hannu a kan wannan. Haka kuma zancen da ake yawan yi cewa a taron Nikiya aka zaɓi Linjila huɗu aka ƙone saura, ba shi da tushe. Taron bai tattauna jerin littattafai ba. In za mu yi magana a kan addinin maƙwabtanmu, gaskiya ta fi ƙarfin hujjar aro.

Su ma ɗaya ɓangaren ba da wasa suka zo ba. Wani matashi mai suna Atanasiyus, wanda daga baya ya gaji kujerar Iskandariya a 328, ya riƙe abu guda har ya mutu: halitta ba ta ceton halitta. In mala'ika ne ya sauko, to har yanzu akwai tazara tsakanin mutum da Mahaliccinsa, manzo kawai aka ƙara aikowa. Ya kuma tambaye su, in Almasihu halitta ne, me ya sa kuke yi masa sujada, kuke yin baftisma da sunansa? Ke nan kowane ɓangare yana tuhumar ɗayan da abu iri ɗaya. Ariyus na cewa kun mai da Allah biyu, Atanasiyus na cewa kuna bauta wa abin halitta.

Sarkin Rum Kustantin, wanda ya haɗe daular a hannunsa a 324, da farko ya aika wa Iskandar da Ariyus wasiƙa yana cewa saɓanin bai kai a raba jama'a a kansa ba. Da ya ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya tara bishop-bishop a garin Nikiya, wanda yau ake kira Iznik a Turkiyya, a shekara ta 325. Al'adar coci ta ce su 318 ne. Suka tsayar cewa Ɗan haifaffe ne ba halittacce ba, zatinsa ɗaya da na Uban. Bishop biyu ne kacal suka ƙi sa hannu, Sikundus da Tiyonas, dukansu daga Libiya. Aka kore su tare da Ariyus, sarki ya ba da umarni a ƙone rubuce-rubucensa. Abin da ya tsira na Ariyus wasiƙu uku ne da gutsattsarin waƙarsa, su ma a cikin littattafan masu yi masa raddi.

Tsugune ba ta ƙare ba. Ba a daɗe ba iska ta juya, aka kori Atanasiyus, kuma sau biyar ana korarsa daga kujerarsa a tsawon rayuwarsa. Kustantin kansa, da ajali ya matso a 337, wani bishop mai goyon bayan Ariyus ne ya yi masa baftisma. Sai a 381, a taron Kustantiniya, aka sake tabbatar da matsayin Nikiya da ƙarfin doka. Duk da haka ƙabilun Jamus da suka karɓi Kiristanci ta hannun ɗaya ɓangaren suka ci gaba da riƙonsa. Bandalawa suka ci Kartaj, a Tunisiya ta yau, a 439, suka mulki Arewacin Afirka kusan shekara ɗari suna takura wa masu bin Nikiya. A Sifen sai 589 sarautar ta sauya. Lokacin da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi a Habasha, Amru ɗan Asi ya zuga a tambaye shi me Musulmi ke cewa game da Isa, ya san inda yake taɓawa: tambaya ce da ta riga ta kori bishop-bishop ta raba dauloli.

Wannan aƙida ta Nikiya ce ta iso ƙofar Kano a 1900. Bishop Herbert Tugwell na cocin Ingila ya zo da mutum huɗu, cikinsu har da wani likita matashi, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus wajen alhazai da fatake. Ba su nemi izini ba kafin su shigo. Aka kai su gaban Sarki Alu a fada, shi a kan karaga da rawani da amawali, dogarai sun kewaye, su kuma suna bayani ta bakin tafinta cewa sun zo da makaranta da magani. Sarki ya nuna musu ba ya buƙata, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 ma ba a bar mishan sun zauna cikin ganuwa ba, saboda alkawarin da Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addini ba. Miller ya samu wuri a birnin Zariya a 1905.

A can ne, a 1913, wasu samari daga zuriyar almajiran Malam Ibrahim suka zo wurinsa. Suka ba shi labarin malamin kakanninsu da wasiyyarsa. Miller, wanda ya yi shekaru yana wa'azi ba tare da samun mutane da yawa ba, ya ga wannan a matsayin amsar addu'a. Aka samu fili a Gimi, aka tara iyalan da suka amince, sama da mutum ɗari, aka gina coci da makaranta, aka sa wani baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, Rabaran W. A. Thompson, ya zauna da su. Sun yi noman rake, gari ya fara kama ƙasa. Amma wurin yana kusa da rafi mai duhuwa, matattarar ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga. Mutum ya fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, sai kasala, sai ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka ko da loma a hannunsa, har ya kwanta bai tashi ba. Cikin 'yan shekaru garin ya mutu. Aka kwashe waɗanda suka rage, yawancinsu yara, zuwa Zariya, daga baya kuma Wusasa, inda mishan ta koma a 1929. Daga wannan zuriya aka samu Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ma'aikatar harkokin waje a zamanin Shagari.

Ba duk Isawa ne suka bi Miller ba, mafi yawa ma ba su bi ba. Dalilin a fili yake. Isan da suka gada annabi ne mafi ɗaukaka, Ruhin Allah, mai dawowa. Wanda aka kawo musu kuwa Allah ne da ya zama mutum, aka gicciye shi. Tsakanin biyun akwai rami mai zurfi, wasu suka tsallaka, wasu suka tsaya a inda malaminsu ya bar su, wasu suka narke cikin sauran Musulmi. Abin da ke damuna shi ne yadda labarin Malam Ibrahim ya iso gare mu. Ya biyo ta bakin jikokin da suka zama Kirista da alƙalamin 'yan mishan, waɗanda suka ɗauke shi a matsayin mai share musu hanya. Fada kuma ta ɗauke shi ɗan bidi'a da aka kawar. Kowa ya ba shi rigar da ta yi masa daidai da buƙatarsa, kamar dai yadda aka yi wa Ebiyonawa da Ariyus, muryar mai maganar ita ce ta ɓace.

Ra'ayin mala'ika kuwa, wanda aka zaci an binne shi tun zamanin Rumawa, jirgin ƙasa ya kawo shi. Dogo ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a bayan ganuwa don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, kowace ɗarika ta Kirista ta zo da kayanta. A Amurka, Charles Taze Russell ya fara fitar da mujallarsa a 1879, mabiyansa suka ɗauki sunan Shaidun Jehobah a 1931. Wanda ya kafa aikinsu a Afirka ta Yamma shi ma baƙar fata ne daga Karebiyan, William Brown, wanda ya sauka Saliyo a 1923 kafin ya koma Ikko. Shaidun Jehobah sun wuce Ariyus da taki guda, domin sun kama suna: a koyarwarsu Yesu shi ne Mika'ilu shugaban mala'iku, farkon abin da Allah ya halitta, ya zo duniya a matsayin cikakken mutum, ya koma sama ruhu. Ba sa yi masa addu'a, ba su yarda da Triniti ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta hana shigo da littattafansu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sauran coci-coci kuma, Katolika da Angilikan da ECWA da Baptis, ba sa lissafa su a cikinsu, su ma ba sa cikin ƙungiyar CAN.

Bambancinsu da magabatansu shi ne su ba a iya rufe musu baki ba, don suna da injin buga littafi. Daga hedkwatarsu ta Igieduma a Jihar Edo ake rarraba Hasumiyar Tsaro, har da ta Hausa. A Sabon Gari ko Birged za ka gan su bibbiyu da jaka a hannu, su yi sallama a ƙofar gida, “Baba, ina kwana, ko za ka ba mu minti biyar?” In maigidan dattijon coci ne, sai ya shiga ɗaki ya ɗauko nasa Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara bugawa cikakke da Hausa a 1932 da hannun Miller a cikin aikin. Su buɗe Karin Magana sura 8 da Kolosiyawa sura 1 da Yohanna sura 14, wuraren da mutanen Ariyus suka dogara da su a Iskandariya, su ƙara da Daniyel sura 12 inda aka ambaci Mika'ilu. Shi kuma ya buɗe farkon Yohanna, sannan ya juya zuwa babin farko na Ibraniyawa ya ce su karanta da ƙarfi.